Muryar Gwaggo

Ki yi haƙuri da na ɗora miki wannan karatu. Na san idonki ya gaji da takardu, na kuma san ba ki ce kina son jin ta bakina ba. Shafukan nan daga littafin da nake rubuta wa kaina na ciro su, ban gyara ko wasali ɗaya ba, har wuraren da na ji kunya da na sake karantawa. Duk inda kika ga "wadda aka turo", kin san da wa nake. A makonnin nan ne kawai hannuna ya ƙi rubuta abin da nake kiranki tun kina goye a bayana.

Litinin, bayan la'asar

Malam ya dawo daga laburare ya jingine sandarsa a bayan ƙofa maimakon ya rataye ta a ƙusarta. Tun da idonsa ya rufe ban taɓa ganin ya kuskure ƙusar nan ba. Na ɗauka na rataye.

Sai da ya sha ruwa ya ce, "Yau Gwaggo ta karanta min takardar sallamarta da bakinta."

Gwaggo ita ce muryar da ke cikin kwamfutarsa ta teburin tambaya. Shi ya raɗa mata sunan, don ta hanci take magana, da sauri, ba gaisuwa ba ban gajiya. Mutum ya bugo waya ko ya tsaya gabansa ya ce yana neman littafi kaza, shi ya buga madannai, ita ta faɗa masa a kunne, kafin mai tambaya ya gyara tsayuwa an gaya masa kantar da littafin yake da layinsa. Yau da ya kunna ta sai ta ce masa wannan na'ura ba ta cancanci sabon tsari ba. Ashe majalisar gari ta yi magana da wani babban kamfanin kwamfuta. Duk ofisoshin gari za su koma kan tsarinsa, tsofaffin na'urori kuma a kwashe su.

Na ce, "Ta lalace ne?"

Ya ce, "Ko tari ba ta yi."

Talata, da hantsi

Ƙanwata ta biyo kafin ta buɗe shagonta na gyaran waya. Ban kai ƙarshen labari ba ta hau.

"Yaya, ai ba na'urar ce ta tsufa ba, ranar mutuwa suka yanke mata daga ofishinsu. Kullum sai an kawo min waya lafiyayya wai ta daina karɓar kaza. In buɗe in ga komai garau. Sai in ce wa mai ita, baiwar Allah, wayarki ba ta da ciwo, masu ita ne suka gaji da ganin ta a hannunki."

Na ce ta yi min bayanin tsarin nan a hankali, don ni iyakar sanina tura saƙo da sauraren karatu. Ta ce babbar manhaja ce, wadda duk sauran suke zaune a kanta. Ke kika sayi na'urar, amma mai gidan da ke ciki ba ke ba ce.

Na daɗe ina juya maganar bayan ta tafi. A gidan nan ko kujera ba a matsarwa sai an gaya wa Malam. Duk wanda ya tashi a gidan nan ya san haka. To ina ga mai gidan haya da zai shigo da nasa makulli ba ka nan, ya sauya wa gado wuri, ya mayar da ƙofa taga, sannan ya manna maka takarda cewa an inganta maka ɗaki, ka danna ka ce ka amince? Kuma ba inda za ka danna ka ce a'a, sai dai "a tuna min anjima". Allah na tuba in na zalunce su, amma ni ban ga ladabi a ciki ba.

Laraba, bayan azahar

Ya bar rabin abincinsa.

Alhamis, bayan magariba

An kawo sababbin na'urori a kwalaye masu sheƙi. An kuma turo wadda za ta koya wa ma'aikata.

Malam ne ya gaya min, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ta tsaya gaban teburinsa ta ce, "Malam, ga sabon abin sauraronka." Malam, kamar yadda kowa ke ce masa a wurin.

Ya ce, "Ta iya aiki, wallahi. Ba ta haɗiye kalma. Uwarta sak."

Na tashi na shimfiɗa sabon zanin gado a ɗakin ƙarshe. Ina cikin gyara matashi saƙo ya shigo: "Umma, mun iso, Kamfani ya sauke mu a otal, aiki ya yi yawa." Na amsa da Allah ya taimaka. Na ja ƙofar ɗakin.

Asabar, da safe

Sabuwar muryar daɗi gare ta, Malam ya sa mata Amarya. Tana gaishe shi, tana tambayar ko yana son jin yanayin gari, har talla take yi masa. Amma da ya shiga wurin neman littafi sai ta ce, "Hoto. Hoto. Maɓalli marar suna. Hoto." Wani dattijo ya tsaya yana jiran littafin kiwon zuma har ya nemi kujera. Sai da Malam ya laluba ya koma kan Gwaggo, ta ba shi a numfashi ɗaya.

Shugabar laburare ta kira shi ofis. Mace ce mai kirki, sai dai tana tsoron na sama da ita. Ta ce ƙarshen wata majalisa za ta zauna ta sa hannu na ƙarshe, daga ranar za a kwashe tsofaffin na'urori. In teburinsa bai iya aiki da sabon tsari ba, za a rufe teburin, shi kuma a yi masa ritaya. Amma kada ya damu, Kamfanin ya ce gyaran yana nan tafe.

Yana nan tafe. Na sake rubutawa ne don in ga ko zai yi nauyi a takarda. Bai yi ba.

Teburin nan shi ya fito da Malam daga ɗaki bayan idonsa ya rufe. Ni na san yadda ɗakin yake a wancan lokacin. Ba za mu koma ba.

Lahadi, bayan la'asar

Mun yi faɗa da ƙanwata. Wato ita ta yi, ni na zauna.

Ta zo da takardar koke da take so mutane su sa hannu. A ciki ta rubuta cewa Mai Almakashi ya ci hanci. Mai Almakashi shi ne kansilan da ya jawo Kamfanin garin nan. Haka ake ce masa don ko famfo aka gyara sai ya zo ya yanka kirtani an ɗauke shi hoto.

Na ce, "Kin gani?"

Ta ce, "Yaya! Sai an aiko miki da katin gayyata ki je ki zauna a kujerar gaba? Rumfunan jiran mota da aka kafa lokacin zaɓe, fuskarsa a gefe, tambarin Kamfanin a gefe, wa ya kafa? Taron da ya tafi ƙasar waje ya dawo da sabuwar jaka, wa ya kai shi? Ɗan'uwansa da ya zama wakilinsu a garin nan fa?"

Na ce rumfunan na gan su, a rubuta. Tafiyar shi da kansa ya faɗa a rediyo, a rubuta. Amma abin da ya shiga aljihunsa ban gani ba, ba zan sa hannuna a kai ba.

Ta ce, "Ke ko wuta kika ga tana cin gida sai kin tambaye ta sunanta kafin ki yi ihu."

Ta tafi da takardarta. Ba a jima ba ta leƙo ta ce ta manta makullin shago, ta ɗauki alƙalamina ta soke layin, ta sake fita ba sallama.

Abin da ke damuna ba mutum ɗaya ba ne. Kamfanin nan ba wanda ya zaɓe shi, ba wanda zai iya sauke shi, ba shi da ƙofar da za ka je ka yi sallama. Amma in ya yi tari majalisa ce ke neman magani.

Talata, bayan azahar

Babban wakilin Kamfanin ya zo laburare da kansa. Malam ya ce tun daga nesa yake jin murmushinsa. Ya riƙe hannun Malam da hannu biyu ya ce sun ji labarin hidimarsa, suna so su karrama shi ranar ritaya, a ba shi lambar yabo, a ɗauki babban hoto a rataye a zaure.

Malam ya ce, "Hoto kuma? Ranka ya daɗe, ai ita ma Amaryar taku abin da take ta ba ni ke nan tun safe."

Ya ce ma'aikata sun yi ta tari a bayan kantar littattafai don ɓoye dariya. Yau ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari. Na ji daɗi fiye da yadda ya kamata. Astagfirullah, amma na ji.

Laraba, bayan magariba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Malam ya ce lokacin hutun rana, kowa ya fita, yana zaune shi kaɗai, sai ya ji an ja kujerar da ke gaban sabuwar na'ura. Ya ji an danna an kashe allon. Aka rage murya ƙasa-ƙasa. Sai Amarya ta fara: hoto, hoto, maɓalli marar suna. Aka sake. Aka bi ta wata hanya. Aka sake. Har hutun ya kusa ƙarewa ana yi.

Na ce, "Wa?"

Ya ce, "Wa kika sani da in lissafi ya ƙi fita take buga farce a haƙorinta na gaba?"

Ba ta yi magana ba, shi ma bai yi ba. Da za ta tashi ta ɗaga masa sandarsa da ta zame, ta jingine daidai inda hannunsa ke sauka.

Ya ce, "Kada ki faɗa wa kowa. Aikinta ne, ta sha wuya kafin ta same shi."

Ban ce to ba. Na rubuta a nan don in tuna ban ce to ba.

Alhamis, da hantsi

Matan unguwa sun zo karatu kamar kullum. Sai ga shi yau a kan maganar shaida muka tsaya. Na yi bayani kamar yadda aka yi min ina yarinya, kamar yadda na yi wa wata a kan tabarmar nan tana wasa da yatsun ƙafarta: abin da ba ki gani ba kada ki ce kin gani, abin da kika gani kuma in an tambaye ki kada ki ɓoye, ko a kan wa ya faɗa.

Wata ta ce, "Malama, muryarki ta dushe yau, ko mura ce?"

Na ce ƙila.

Juma'a, bayan la'asar

Ban kira ba. Ba a kira ni ba.

Asabar, da yamma

Na bi Malam laburare na zauna a gefen teburinsa wuni guda. Duk wanda ya gama da shi sai in bi shi zuwa ƙofa in ce, don Allah in ba damuwa, ranar Laraba majalisa za ta zauna kan teburin nan, kuma an ce jama'a na iya zuwa. Na zaci zan ji kunya. Ta farko ce kawai ta yi wuya.

Dattijo mai zuma ya ce zai zo da maƙwabcinsa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce za ta musanya aiki. Wani direban bas ya ce shekara nawa yana bugo wa Malam waya daga tasha a ajiye masa littafi, yau ne ya fara sanin mutumin ba ya gani.

Na hango wadda aka turo daga nesa, da katin aiki a wuya, tana nuna wa wasu yadda ake shiga. Ta rame. Ta ɗaga min hannu kaɗan, na ɗaga mata.

Litinin, bayan asuba

Na ɗora su biyun a zuciyata na kasa auna su. In na yi shiru, teburinsa. In na yi magana, aikinta.

Amma ni ba zan ce ta faɗi kaza ba. Tambaya kawai zan yi. Amsar tata ce.

Na san wannan dabara ce nake yi wa kaina. Na san abin da za ta amsa, ni na koya mata.

Laraba, bayan magariba

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Gobe na rubuta.

Alhamis, da hantsi

Zauren majalisa ya cika har ana tsaye jikin bango. Malam ya sa rigarsa mai ruwan toka, na zaunar da shi a layin gaba. Wakilin Kamfanin ya yi jawabi da hotuna masu motsi, yara na dariya, tsofaffi na dariya, kowa a hotunan nan dariya yake yi. Ya ce tsarinsu na kowa ne, mai gani da marar gani, an gwada an tabbatar. A bayansa ma'aikatansa na zaune a jere, wadda aka turo a ƙarshen layi, idonta a kan gwiwarta.

Ƙanwata ta miƙe ta ce, "Ƙarya ne!" Shugaban zama ya ce in ta ƙara za a fitar da ita. Ta ce, "To na ajiye ta nan, in kun gama ku ɗauka." Ta zauna.

Da aka ba jama'a dama na je gaban abin magana. Na yi sallama, ba wanda ya ji. Shugaban zama ya ce, "Malama, ɗaga murya." Na ce iyakarta ke nan, sai dai a yi haƙuri. Sai zauren ya yi tsit don a ji ni. Ban taɓa sanin ƙaramar murya na da wannan amfanin ba.

Na faɗi wane ne Malam da abin da Amarya ke ce masa. Na ce na ga rumfunan jiran mota da fuska a gefe da tambari a gefe. Nan Mai Almakashi ya zabura.

"Malama, zargina kike yi? Ki faɗa a fili a rubuta, mu haɗu a kotu."

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Rumfa na gani, kuma tana tare rana sosai, mun gode. Abin da ban gani ba ba zan faɗa ba."

Aka yi dariya. Shi ya so in zarge shi, na lura. Da na ƙi sai ya rasa inda zai ajiye fushin da ya taso da shi, ya koma ya zauna da abinsa.

Sannan na ce, "An ce an gwada. Ni dai roƙona, a bar mu mu ji daga bakin wadda ta gwada da hannunta."

Ban kalli kowa ba. Malam ya yi gyaran murya a bayana, na san ma'anarta, ban juya ba.

Wakilin ya ce ma'aikatansa ba su da izinin magana a nan, shi ne bakin Kamfani. Sai wata kansila tsohuwa mai tabarau a goshi, wadda tun da aka fara na zaci barci take yi, ta ce, "Zauren nan namu ne ko naku? Akwai wadda ta gwada a cikinku?"

Wadda aka turo ta miƙe.

Ta ce, "Ni ce. Na kashe allo na gwada kamar yadda marar gani zai yi. Ba ya aiki. Na sanar da ofishinmu, aka ce yana nan tafe. Na duba abubuwan da za a gyara a sabuntawa mai zuwa, ba ya ciki. A ta bayanta ma ba ya ciki."

Ba ta haɗiye ko kalma ɗaya ba.

Mai Almakashi ya kalle ta, ya kalle ni, ya sake kallon ta. Ya ce, "Tsaya. Ke kin san matar nan?"

Ta ce, "Mahaifiyata ce. Mai teburin kuma mahaifina ne. Shi ya sa na gwada fiye da yadda aka sa ni. So nake ya yi aiki, ranka ya daɗe. Ba wanda ya kai ni so a zauren nan."

Ban san me aka yi bayan nan da kyau ba. Na ji direban bas yana cewa wani abu da ƙarfi. Na ji ƙanwata tana kuka tana zagi a lokaci guda. Mai tabarau ta kawo shawara a dakatar da sa hannu, kada a taɓa na'ura ko ɗaya a laburare har sai Kamfanin ya kawo abin da Malam da kansa zai zauna ya gwada ya ce ya yi. Aka ɗaga hannuwa. Ta wuce. Da ƙyar, amma ta wuce.

Da na waiwaya layin ma'aikatan ba kowa. An fita da su ta ƙofar baya.

Alhamis, bayan azahar

Malam bai yi min magana ba tun jiya. Yana da gaskiya. Na kai masa shayi, ya sha, bai ce ya yi zaƙi ba bai ce bai yi ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ya kira ni daga ɗaki. Ya ce, "Kin ji yadda ta ce 'ba ya aiki'? Ko alƙali albarka." Sai ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Na zauna kusa da shi. Ai ni na jawo.

Can ya ce, "Amma ke ma fa ba ki da dama. Rumfa tana tare rana!" Muka yi dariya har na ji ciwo a haƙarƙari.

Asabar, da safe

Motar da aka aiko kwasar tsofaffin na'urori ta zo, don ba wanda ya tuna ya gaya wa direban an fasa. Shugabar laburare da kanta ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ya juya. Ita da ko waya ta yi ƙara daga sama sai ta miƙe tsaye kafin ta ɗauka! Malam ya ce da ta dawo ta tsaya gaban teburinsa tana haki ta ce, "Malam, ka ji yadda na yi masa?" Ya ce, "Har Gwaggo ta ji."

An mayar da Amarya kwalinta. Ban ji tausayinta ba. Na duba zuciyata da kyau, ban ji ba.

Lahadi, bayan la'asar

Mai Almakashi a rediyo. Wai shi ne ya tsaya tsayin daka don kada a zalunci masu lalurar gani, wai tun farko yana da shakku. Ƙanwata ta kusa jefa rediyon ta taga. Na ce ta bar shi, in dai zai maimaita a bainar jama'a to ya ɗaure kansa, gobe ba zai iya kwancewa ba.

Ta zo da wata tsohuwar kwamfuta da aka yar a shagonta, ta sa mata wani tsari da ta ce ba na kamfani ba ne, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗa hannu suna gina shi, wanda ya ga ɓaraka ya ɗinke. Na ce su kuma me suke ci? Ta ce, "Yaya, ke me kike ci a karatun matan unguwa?" Ta yi gaskiya. Amma na ce mata shi ma sai na gani, ban ɗaukar wa kowa alkawari ba. Malam ya sa a kunne ya saurara ya ce muryar ta fi ta Gwaggo muni. Ya faɗa da jin daɗi. Ya ce a ajiye ta, ko ba komai in Kamfanin ya dawo ya tarar muna da wurin zuwa.

Zai dawo, na sani. Irinsu ba sa fushi, jira suke yi. To mu ma mun iya jira, kuma yanzu mun san hanyar zauren.

Talata, bayan azahar

A kasuwa wata da ban sani ba ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce mai rumfa?" Mai kayan miya ya ƙi barin in ɗauki kayana da kaina. Na dawo gida ina tafiya kamar wata babba. Na yi istigfari a bakin ƙofa, na shiga, na sake jin daɗin.

Ban kira ba. Na ɗauki wayar na ajiye. Me zan ce, sannu da aiki?

Alhamis, bayan magariba

Malam ya ce wayar teburinsa ta yi ƙara da rana. Ya ɗauka ya ce, "Laburaren gari, teburin tambaya." Shiru. Ya sake faɗa. Shiru, sai ɗan ƙas-ƙas, kamar farce a kan haƙori.

Ya ce bai kira suna ba, kada ta ajiye. Sai ya cire abin sauraronsa ya kara a bakin wayar ya buga madannai, Gwaggo ta zuba surutunta ta hanci. Ya ce ya ji an yi wata 'yar dariya, ko kuka, bai tantance ba. Aka ajiye.

Ya dawo gida ya rataye sandarsa a ƙusarta, tak, ba lalube.

Juma'a, da hantsi

Nan shafukan suka ƙare, sauran da hannuna na yau nake ƙarawa.

'Yata. Ga shi na rubuta.

Teburin babanki yana nan, kuma ke kika tsayar da shi, ni tambaya kawai na yi. Amma na san me na tambaya, na san a gaban wa, na kuma san babanki ya hana ni. Ba zan ce miki na yi nadama ba, don ban yi ba, kuma kin san ba zan faɗi abin da ba haka yake ba ko don in lallashe ki. Da za a sake, zan sake miƙewa. Abin da ban sani ba shi ne abin da ya same ki bayan ƙofar bayan nan. Ban san ko katin yana wuyanki har yanzu ba. Innarki ta ce in sun kore ki akwai kujera a shagonta, wai dama tana neman wanda zai riƙa yi mata gardama da ilimi.

In fushi kike yi, ki zo ki yi shi a nan, akwai wuri. Zanin gadon yana nan yadda na shimfiɗa shi, ba a matsar da komai ba.

Don Allah ki ba ni amsa da wuri, ko layi ɗaya ne.